Inda gaisuwa ta tsaya, faci ya fara

A watan Disamba ne, lokacin da sanyin Jos ke sa mutum ya rungume kofin shayi da hannu biyu don yatsu su saki, na gama fassara wata ƙaramar manhajar lissafin kayan shago zuwa Hausa. Ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a bayan titin Ahmadu Bello, ba nisa da Taminus, kuma ni nake saka wa masu kemis da masu kayan masarufi wannan manhaja. Kyauta ce, rubutunta a buɗe yake, duk mai iyawa na iya gyarawa. Aibinta ɗaya, ba ta jin Hausa, yaran shago kuwa sai su danna abin da zai goge lissafin yini guda su taho mini da kwamfuta a ka. Wata biyu na yi ina fassarar da dare bayan na rufe.

Da na zo miƙa aikin sai na tarar mai kula da manhajar, wani dattijo a Turai, ba ya karɓar gyara sai ta imel. Umarninsa bai wuce layi biyu ba: ka fitar da faci da git format-patch, ka aiko. Git ɗin nan kayan aiki ne da masu rubuta manhaja ke ajiye tarihin gyare-gyarensu da shi. Faci dai kamar na taya ne. Ba sabuwar taya kake kawowa ba, ɗan gutsuren da za a liƙa ne, haɗe da kwatancen inda hujin yake. Nawa facin abu biyu ya ƙunsa, sabon fayil mai suna ha.po wanda fassarar ke ciki, da layi ɗaya tak da na ƙara a fayil ɗin LINGUAS, inda ake jera harsunan da manhajar ta sani.

Na fitar da facin, na buɗe shi, na kwashe rubutun gaba ɗaya, na manna a shafin imel ɗina na burawza. A sama na yi abin da duk ɗan da aka yi wa tarbiyya zai yi. Na gaida dattijon, na tambayi iyali da aiki, na yi masa fatan alheri, na gabatar da kaina da garinmu. Da Turanci na rubuta, amma zubin wasiƙar na gida ne. Na aika, na tafi sallar la'asar ina jin na yi abin kai.

Washegari amsa ta zo, gajera kamar ta mai jin haushi, ko da yake daga baya na gane haka yake rubutu da kowa. Ya manno mini abin da kwamfutarsa ta ce, corrupt patch at line, da lambar wani layi. Ƙarƙashinsa jimla ɗaya: ka fara aika wa kanka, ka gwada, sannan ka sake aikowa.

Na duba facin da ke kwamfutata sau biyar, lafiyarsa lau. Sai na kira Yayana, wanda aikinsa kula da sabobin wata ma'aikata ne, kuma tun ina sakandare yake dungurina a kan irin waɗannan abubuwa. Da yamma ya biyo ta shagon da hular sanyi har kunne, ya ja benci ya zauna.

"Yaya, wallahi facin nan babu abin da ya same shi. Ga shi ka gani."

"Wanda ke hannunka kake nuna mini. Wanda ya isa hannunsa fa, ka gan shi?"

Ban gan shi ba. Ya sa na sake manna rubutun kamar jiya na aika wa kaina, sannan na sauke wasiƙar ɗanyarta, wato yadda take tafiya a waya kafin shafin imel ya yi mata kwalliya. Muka buɗe ta gefe da gefe da ta asali. A nan karatun ya fara, kuma sai da aka kira isha'i muna kai.

Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne, fayil ɗin da format-patch ke fitarwa wasiƙa ce cikakkiya tun daga farko. Layinta na farko ya fara da kalmar From, sai lambar shaidar kwamit ɗin, wato gyaran da na ajiye a git, mai haruffa arba'in, sai wata kwanan wata: Mon Sep 17 00:00:00 2001. Na ce wa Yaya agogon kwamfutata ya lalace. Ya yi dariya har da tari. Wannan kwanan watan ba ya canjawa, a kowace kwamfuta a duniya shi git ke rubutawa, alama ce kawai da ke nuna cewa git ne ya haɗa wasiƙar. Layin kansa gado ne daga tsohon tsarin akwatin wasiƙa na Unix da ake kira mbox, inda ake zuba wasiƙu da yawa a fayil guda, wannan na bin wannan, kuma babu abin da ke raba su sai irin wannan layi.

Umarnin da mai karɓa ke bugawa shi ne git am, kuma ba aiki ɗaya yake yi ba, uku ne a jere. Yaya ya ce kada mu bar shi ya yi su a ɓoye, mu yi kowanne da hannu. Na farko git mailsplit, wanda ke yanka akwatin zuwa wasiƙu ɗai-ɗai, ya sa musu lamba 0001, 0002, haka dai. Yana gane farkon wasiƙa ne idan layi ya fara da From da sarari, kuma ƙarshensa ya yi kama da lokaci da shekara. Shi ne kuma ke share wani ɓoyayyen harafi da imel ke liƙawa a ƙarshen kowane layi, wanda Windows ma ke amfani da shi amma Linux ba ya so. Wannan matakin bai ba mu wahala ba, muka wuce.

Na biyu, git mailinfo, shi ne mai tankaɗe. Ka ba shi wasiƙa ɗaya, ya raba maka ita kashi uku: wanda ya rubuta da ranar da ya rubuta da take, sai bayanin gyaran, sai facin kansa. Suna da adireshi daga goshin wasiƙar yake ɗaukowa, wajen From, rana daga Date, take daga Subject. Taken ma sai ya yi masa aski. Duk wani Re da ke gaba yana cire shi, haka duk abin da ke cikin baka mai kusurwa a farkon layin, shi ya sa kalmar PATCH da lambar zubi da ake sawa a nan ba sa shiga tarihi. Idan kuma jikin wasiƙar ya fara da layin From ko Subject ko Date, to wannan ya rinjayi na goshi. Da haka ne mutum zai iya tura facin wani, sunan mai shi ya zauna a matsayin marubuci.

To ta yaya yake sanin inda bayani ya ƙare, faci ya fara? Na zaci akwai wani shinge na musamman, kamar ambulan a cikin ambulan. Babu. Farkon layi kawai yake kallo. Da zarar ya ci karo da layin karan ɗori uku (---), ko layin da ya fara da diff da sarari da karan ɗori, ko wanda ya fara da Index da ruwa biyu, sai ya ce bayani ya ƙare. Duk abin da ke sama da wannan layi ya zama bayanin kwamit, duk abin da ke ƙasa ya tafi wajen faci. Yaya ya nuna layin da yatsa ya ce in riƙe wannan da kyau, zai dawo mini. Na ce na riƙe. Ban riƙe ba.

Na uku, git apply, shi ne ya ƙi facina. Ga gutsuren da ya shafi LINGUAS yadda yake a asali:

@@ -14,6 +14,7 @@
 fr
 gl
 gu
+ha
 he
 hi
 hr

Layin sama alkawari ne. Yana cewa daga layi na 14, tsohon fayil yana da layi shida a wannan yanki, sabon zai zama da bakwai. Bayansa kowane layi harafinsa na farko umarni ne. Alamar tarawa na nufin a ƙara, alamar ɗebewa a cire, sarari kuwa na nufin wannan maƙwabci ne, ba a taɓa shi, an kawo shi ne don a gane wurin. Uku a sama, uku a ƙasa, haka aka saba. Mai karantawa yana tafiya yana ƙirga, maƙwabci ya rage ɗaya a ɓangaren tsoho da na sabo, layin ƙari ya rage ɗaya a na sabo kaɗai, har lissafin biyu su kai sifili. Ƙirgar nan ce kaɗai ke gaya masa gutsure ya ƙare.

Yaya ya nuna mini wani abu da ya sa na gane muhimmancinta. A can ƙasan facin akwai layi mai karan ɗori biyu da sarari, sai lambar zubin git a ƙarƙashi, irin sa hannun da ake yi a ƙarshen imel. A ido layin nan sak yake da umarnin a cire wani abu, tunda da alamar ɗebewa ya fara. Abin da ya hana a ɗauke shi haka, lissafi ya riga ya cika kafin a iso gare shi.

Yanzu sai muka dubi abin da shafin imel ya yi wa nawa. Fayil ɗin ha.po sabo ne, don haka duk layukansa da alamar tarawa suka fara, kuma wasu dogaye ne, domin abin da Turanci ke faɗa da kalma uku Hausa kan buƙaci bakwai. Shafin ya ga dogon layi, ya tausaya wa mai karatu, ya karya shi biyu. Rabin farko na da alamarsa, rabi na biyu ya faɗo ƙasa ya fara da kalmar “kayan”. Mai ƙirga ya iso, ya ga harafin k a inda yake jiran tarawa ko ɗebewa ko sarari, ya ajiye aiki. Lambar layin da dattijon ya aiko mini ke nan daidai. Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba, sararin da ke gaban wasu maƙwabtan ma ya canja zuwa wani irin sarari da ido ba ya bambancewa amma lambarsa daban.

Akwai wata karyar layin da ta tsorata ni a banza. A ɗanyar wasiƙar na ga layuka suna ƙarewa da alamar daidai, kuma duk inda na rubuta ƙ sai na ga =C6=99, ɗ ta koma =C9=97, ɓ ta koma =C9=93. Na ce shi ke nan, an cinye mini ƙugiyoyi. Yaya ya ce wannan ba ɓarna ba ce, ɗauri ne. An gina imel a zamanin da haruffan Turanci kaɗai ke bi ta waya lafiya, saboda haka duk harafin da ya fita daga cikinsu sai a rubuta lambobinsa. Baƙaƙenmu masu ƙugiya kowanne bayit biyu ne a tsarin UTF-8, su ne ake gani. Wannan ɗauri, da ake kira quoted-printable, ba ya barin layi ya wuce harafi 76, amma duk inda ya karya sai ya bar alamar daidai a matsayin shaida, kuma mailinfo ya san yadda ake kwancewa ya mai da komai yadda yake. Haka yake kwance base64, wani irin ɗaurin. Wanda sunansa ya fara da Ɗan ma, a goshin wasiƙa zai ga an rubuta =C6=8A a madadin harafin farko, kuma zai dawo daidai. Karyar da ba ta gyaruwa ita ce wadda aka yi tun a wajen rubutu ba tare da barin shaida ba.

Maganin dai sananne ne, a bar git ya aika da kansa. Saita git send-email ya ci mini dare guda, adireshin sabar aikawa, ƙofa ta 587, da kalmar sirri ta musamman da ake yi wa manhajoji. An ɗauke wuta sau biyu a tsakani. Ba abin da zan tsaya a kai ba ne, sai tambaya guda da ya yi mini kafin ya aika. Ya ce fayil ɗin na ɗauke da haruffan da ba na Turanci ba amma bai faɗi tsarinsu ba, wanne zai rubuta, ya sa UTF-8 a matsayin zaɓin da ke jira. Dalili shi ne bayanin kwamit ɗina Turanci ne zalla, ƙugiyoyin suna can cikin facin, shi kuwa format-patch bayanin yake dubawa kafin ya sa wannan shela. Ni da hannuna ya saba, sai na buga y na danna. Ya sake tambayata ko da gaske ina nufin sunan tsarin shi ne y. Ashe ba ni ne farau ba, mutane sun sha aika wasiƙu da ke shelar wani tsari wai shi y, har aka sa wannan tambaya ta biyu. Na koma na danna shiga kawai.

Na aika wa kaina, na sauke, na buɗe sabon reshe, wato layin aiki na daban a git da ba zai taɓa na asali ba, na buga git am. Ya shiga sumul. Na gina manhajar, ga Hausa a allo da ƙugiyoyinta. Murna ta hana ni duba komai kuma. Na buɗe facin, na mai da gaisuwata saman bayanin kamar farko, na aika zubi na biyu.

Amsar dattijon wannan karon ta ɗan fi tsawo. Ya ce facin ya shiga, ya kuma gode da gaisuwa, iyali suna lafiya. Amma idan ya karɓa a haka, tambayar lafiyar iyalinsa za ta zauna a tarihin manhajar har abada, duk wanda ya zo bayan shekara ashirin yana neman dalilin ƙara wannan fayil, da ita zai fara cin karo. Ya ce in sauko da ita ƙarƙashin karan ɗori ukun.

Kunya ta kama ni ni kaɗai a shago. Na buga git log a reshen gwajin da na sake yi, ga ta kuwa, sakin layi guda na gaisuwa zaune a kan bayanin gyara kamar baƙon da ya hau gadon maigida. Mailinfo bai san gaisuwa ba. Ya ga rubutu a sama da layin iyaka, ya ce bayani ne.

Wurin da dattijon ya nuna mini wani ɗan fili ne mai ban sha'awa. Tsakanin karan ɗori ukun da layin diff na farko akwai sararin da babu mai shi. Mailinfo ya riga ya rufe bayani, ya tura sauran wajen apply, shi kuma apply tsallake duk abin da bai yi kama da kan faci ba yake yi har ya iso wanda ya gane. A nan format-patch ke sa ɗan lissafin fayil nawa aka taɓa da layi nawa, a nan ake rubuta abin da ya canja tsakanin zubi da zubi, a nan kuma gaisuwa ke da wurin zama. Mutum zai karanta, tarihi ba zai ɗauka ba. Akwai kuma wata dabarar ga wanda ke son ya yi doguwar magana a sama, ya ja layin almakashi, wato karan ɗori da alamar >8 a tsakiya, duk abin da ke samansa a zubar. Sai dai wannan na aiki ne kawai idan mai karɓa ya kunna zaɓin, don haka ban dogara da shi ba.

Halin tsallake shara ba git ne ya ƙirƙiro shi ba. Larry Wall ne ya fitar da manhajar patch a 1985, lokacin da masu rubuta manhaja ke watsa gyare-gyare a cikin saƙonni, kuma ya gina ta ne ta yadda za ka zuba mata saƙo da kansa da ƙafarsa ta laluɓo facin da kanta. Salon nan mai alamar @@ da tarawa da ɗebewa Wayne Davison ne ya kawo shi a 1990. Da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya rubuta git a 2005, masu aikin Linux sun riga sun shekara da shekaru suna musayar faci ta imel, don haka aka gina git a kan al'adar da ya tarar, kuma har yau ta imel gyaran Linux da na git kansa ke tafiya. Ni dai ra'ayina, tsarin na da kyau inda yake da kyau. Da waya mai ƙaramin data da layin da ke zuwa yana tafiya, wasiƙa ɗaya ta fi mini shafi mai nauyi sauƙi, kuma ba sai na buɗe asusu a ko'ina ba. Amma zance da umarni a kwano ɗaya suke, kuma hasashe ne kawai ke raba su. Zubi na uku ne ya nuna mini haƙoran wannan hasashe.

Garin neman gira na kusa rasa ido. Na ce tunda bayanin zai dawwama, bari in kyautata shi. A kwamfutata, kafin ƙ da ɗ su fito sosai a rasit, sai da na canja nau'in rubutun da ke fayil ɗin saituna. Wannan canji nawa ne na gwaji, ba na aikawa ba ne, amma na ga ya kamata in ambata don amfanin wani. Maimakon in faɗa da baki, sai na kwafo ɗan facin canjin na manna a tsakiyar bayanin a matsayin misali, da layinsa na diff da komai. A ƙarƙashi na ci gaba da bayani, na rufe da layin Signed-off-by, shaidar da masu Linux suka fara nema a 2004 cewa kana da haƙƙin ba da abin da ka aiko, wadda dattijon ma yake nema.

Allah Ya sa wannan karon na gwada, kuma na duba. Git am bai yi ko tari ba. Amma da na buɗe tarihin, bayanina ya yanke a tsakiya, daidai inda misalin ya fara. Rabin ƙasa ya ɓace, sa hannuna ya ɓace. Fayilolin da aka taɓa kuma uku ne maimakon biyu. Misalin da na kawo don a karanta, an ɗauke shi an liƙa a fayil ɗin saituna. Da ya wuce haka, duk mai amfani da manhajar a duniya zai wayi gari da nau'in rubutun da na zaɓa wa firintar wani mai kemis a Jos, alhali lissafin da ke ƙarƙashin karan ɗorin na cewa fayil biyu kawai na taɓa.

Na kira Yaya a waya, yana cikin Keke a hanyar Bukuru, iska na kaɗa maganarsa.

"Yaya, abin nan ya liƙa abin da ban ce ya liƙa ba."

"Da me layin ya fara?"

Na yi shiru.

"Kai nake tambaya, ƙanena. Da me ya fara?"

"Da diff."

"To me ka ce ka riƙe rannan?"

Ya ce idan na tura misalin ciki da sarari huɗu, git ba zai gan shi a matsayin iyaka ba, tunda farkon layi yake kallo. Amma kada in saki jiki, domin ba kowa ke liƙa faci da git ba. Masu haɗa manhajoji don rabawa sukan yi amfani da tsohuwar patch, ita kuwa an koya mata cewa idan faci ya zo a ture gaba ɗaya da sarari iri ɗaya, ta cire sararin ta liƙa. Abin da ya ɓuya ga wannan bai ɓuya ga waccan ba. Na goge misalin, na rubuta jimla ɗaya da ke faɗin sunan fayil ɗin da abin da na canja.

Saura tuntuɓe ɗaya, shi kuma ba laifin kowa ba ne. Kwanakin da na ɓata ina kai da kawowa, wani ya aiko da nasa harshen, an ƙara layi a LINGUAS daf da inda nawa zai shiga. Da na sabunta kwafina na sake gwadawa, sai ya ce patch does not apply. Maƙwabtan sun canja. Git na iya hawa sama ko sauka ƙasa yana neman wurin idan lambar layi ta goce, amma yana so ya tarar da maƙwabtan shida cif yadda aka kwatanta su. Tsohuwar patch ta fi shi sassauci, takan yafe har layi biyu daga gefe ta liƙa a inda ta ga ya fi kama, kuma ban tabbata sassaucin nan alheri ne a kullum ba. Idan aiki ya tsaya haka, komai na ajiye a folda mai suna rebase-apply a cikin .git, kana iya buɗe gutsuren da ya maƙale ka gani, ka gyara ka ce a ci gaba, ko ka ce a fasa a mai da kai inda kake. Akwai kuma zaɓin -3, wanda ke amfani da gajerun lambobin da ke layin index na facin ya nemo ainihin tsohon fayil ɗin da ka yi aiki a kai, ya haɗa canjin biyu. Wannan sauƙi ne ga mai karɓa, amma ban so in ɗora wa dattijon aiki na huɗu ba. Na ɗora gyarana a kan sabon kwafin, na fitar da faci da -v4, na ƙara zaɓin da ke rubuta kwamit ɗin da na gina a kai a can ƙasa.

Kafin in aika na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, yaron shagona na tsaye a bayana yana kallo da ɗan kwalin sukurori a hannu. Na aika wa kaina. Na sauke. Na sa mailinfo ya raba, na karanta kashi ukun kowanne daban. Na liƙa a sabon reshe, na kwatanta shi da reshen asali, babu bambancin ko harafi. Sannan na buɗe facin, na sauka ƙarƙashin karan ɗori ukun, na rubuta abin da ya canja tun zubi na uku, na kuma gaida dattijon yadda ya kamata, har na gaya masa sanyin bana ya sa mai shayin layinmu ya fara fitowa tun kafin asuba.

Bayan kwana biyu na sabunta kwafina na ga kwamit ɗin. Sunana a wajen marubuci, nasa a wajen wanda ya shigar. Ranar da ke jiki ita ce ta goshin wasiƙata, da +0100 na agogon Najeriya. Lambar shaidar ta bambanta da wadda ke kwamfutata, domin sunan mai shigarwa da lokacinsa na cikin abin da ake lissafa ta da shi, don haka sai na goge reshena na ɗauki nasa. Bayanin sakin layi biyu ne da sa hannu biyu.

Amsarsa ta imel ta zo daban. Ya ce an shigar, ya tambaya ko da gaske ana sanyi a Najeriya, ya kuma ce akwai jimloli goma sha ɗaya da aka ƙara a manhajar bayan na fara aiki, ba su da fassara. Na ja wa yaron kujera, na buɗe masa ha.po, na ce ya fara da ta farko, wadda ke tambayar mai shago ko ya tabbata yana son ya goge lissafin yau.